Manhajar Webnovel da labaran wasan tsira na China: abin da ke riƙe mai karatu, da inda kuɗi ke zurarewa

Akwai wani nau'in labarin ban tsoro daga China da ya samu mabiya a cikin matasan Hausawa na Abuja, tun daga ɗaliban jami'a a Gwagwalada har ma'aikatan da ke kwashe awa guda ko biyu a cunkoson Mararaba da Nyanya kafin su kai AYA. A irin wannan labari wani iko ne da ba a gani yake kwashe mutanen da ba su san juna ba, ya jefa su tsohon asibiti, ko makarantar kwana, ko ƙauyen da ake shirin biki, ya karanto musu doka, ya yanke musu wa'adi. Wanda ya bi doka ya kuma gano abin da aka ɓoye, ya fita da ransa. Wanda ya kuskure, gawarsa ce darasin sauran. Da Turanci ake karanta su a nan, kuma ƙofar da ta fi sauƙin shiga ita ce manhajar Webnovel.

Ra'ayinmu a kanta tun da wuri: a sauke ta, a yi karatu da ita, amma kada a haɗa ta da katin banki sai littafin da ake son saya ya tsallake gwajin da za mu zo kansa. Dalilin kuwa yana cikin yanayin labaran kansu. Labarin soyayya ko na yaƙi yana jure fassara mai rauni, ka gane wa ke son wa, wa ya sare wa, ka wuce. Labarin wasan tsira a kan kalmomin doka yake tsaye. In mai fassara ya karkatar da kalma ɗaya, ka biya kuɗin kacici-kacicin da ba shi da amsa.

Webnovel ta fara aiki a 2017. Mallakar China Literature ce, kamfanin da ke ƙarƙashin Tencent, babban kamfanin fasaha na China, kuma China Literature ɗin ne ke da Qidian, dandalin labaran intanet na Sinanci da aka kafa a 2002, wanda a 2003 ya fito da tsarin biyan kuɗi babi-babi da harkar ke tafiya a kai har yau. Marubuci yana sakin babi ɗaya ko biyu kullum, kowanne haruffan Sinanci 2,000 zuwa 3,000, ana biyansa gwargwadon masu buɗewa. Wanda ya saba da marubutanmu na WhatsApp, masu sakin shafukan kyauta sannan su ce a tura kuɗi a shiga gurufin masu biya, ya riga ya san tsarin. Bambancin shi ne a wurinsu sau ɗaya kake biya a ba ka littafi har ƙarshe, a nan kuwa kowane babi da farashinsa.

A Qidian ɗin ne kuma nau'in ya tashi. A 2007 wani marubuci mai amfani da sunan zhttty ya fara sakin Wuxian Kongbu, wanda aka fassara da Terror Infinity, inda ake jefa mutane cikin duniyar finafinan ban tsoro ɗaya bayan ɗaya, suna tara maki suna sayen ƙarfi da makamai. Daga sunan littafin aka samo sunan nau'in, wuxian liu. A wuraren bincike da Turanci za ka same shi da Infinite Flow ko Unlimited Flow, wani lokaci Survival Game. Waɗannan kalmomin za ka rubuta a akwatin bincike, domin in ka rubuta Horror kawai, labaran masu shan jini da na soyayyar kyarkeci ne za su cika maka allo.

Yadda aka gina labarin

Littafin a rarrabe yake zango-zango. Kowane zango wuri ne guda da labarinsa da dodonsa, kuma yakan ci babi 15 zuwa 40. Akwai wata murya ko wani allo da ake kira Sistem, ita ke sanar da aiki: ku kwana 7 a nan, ko ku gano wanda ya kashe amarya, ko ku nemo makullin ƙofa. 'Yan wasa sukan kai 6 zuwa 12, a cikinsu akwai tsofaffin hannu da suka tsallake zanguna, akwai sabbin shiga masu ihu da kuka da cewa shirin talabijin ne ake ɗauka. Sai mutanen wurin, waɗanda fassara ke kira NPC: mai gadi, malamar jinya, dagacin ƙauye. Suna magana, suna ba da alama, wasu kuma da faɗuwar rana sai su daina zama mutane. In an gama zango a raba maki, a koma wani masauki a huta, a sayi kayan tsira, a shiga na gaba wanda ya fi wuya.

Wani reshe da ya bunƙasa daga 2021 ya ɗora komai a kan takardar dokoki. Bari mu gina misali namu a kan tsarin, don a ga abin da ido.

Mutum 8 sun farka a gidan baƙi na wani ƙauye, saura kwana 3 ɗaurin aure. A bayan ƙofa an liƙa takarda. Doka ta ɗaya, ɗakunan gidan nan 6 ne, wanda ya ga na bakwai kada ya shiga. Ta biyu, baƙo ba ya ƙin abincin gidan biki. Ta uku, mai girki shuɗin kaya take sawa, in ta zo da ja ba ita ba ce. Ta huɗu, daga 11 na dare zuwa 1, in an ƙwanƙwasa a amsa amma kada a buɗe. Ta biyar, amarya tana da rai.

Daren farko lafiya lau. Dare na biyu sai ga mace da jan kaya ta shigo da kwanukan shinkafa, kowanne an soke masa tsinken cin abinci biyu a tsaye. Doka ta biyu da ta uku sun yi karo ke nan. Wani sabon shiga ya tuna ta biyu ya cinye nasa, da safe aka tarar da shi a kan gado ya zama mutum-mutumin takarda, an shafa masa ja a kumatu. Wani ya tuna ta uku ya ture kwanon ya ce ba ya ci, shi ma bai ga safiya ba. Jarumin labarin kuwa ya sake karanta takardar ya ga an ce kada a ƙi, ba a ce dole a ci ba. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya kai kwanon gaban allon sunayen mamata da ke zauren gidan ya ajiye. A al'adar China shinkafar da aka soke wa tsinke a tsaye abincin mamaci ce, shi ya sa ma ake tsawata wa yaro in ya yi haka a wurin cin abinci. Ya karɓa, bai ƙi ba, ya kuma kai wa mai shi.

Sannan doka ta biyar. Wa zai zauna ya rubuta cewa amarya tana da rai, in ba akwai dalilin shakka ba? Marubuci mai hannu zai riga ya faɗa, babi 4 baya, cewa tawadar layin ƙarshe ta fi sauran ɗanye. Mai karatun da ya riƙe wannan zai gane wani hannu ne ya ƙara layin, ya kuma riga jarumin ganewa.

Nan daɗin yake, kuma shi ne amsar masu tambayar me mutum ke nema a labarin da ke hana shi barci. A labaran aljanu da mayu da muka taso da su, wanda abin ya faɗa wa galibi ba shi da katabus, sai dai a nemo masa malami. A nan tsoron yana da ƙa'ida. Fatalwar ba ta da ikon taɓa ka sai ka taka doka, don haka hankali da natsuwa da lura su ne makami, kuma mai karatu yana da su daidai da jarumin, domin takarda ɗaya suka karanta. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Tatsuniyoyinmu cike suke da tsohuwar bakin rafi da ke cewa yi kaza, kada ki yi kaza, 'yar bora ta bi ta samu alheri, 'yar mowa ta saɓa ta gamu da gamonta. Abin da marubutan China suka ƙara shi ne mai ba da dokar yana iya yin ƙarya, kuma aikinka ne ka gano wace doka ce ta gaskiya.

Akwai kuma abin da ya fi wasan ƙwaƙwalwa nauyi. A zangunan da aka rubuta da kyau, fatalwar wadda aka zalunta ce: yarinyar da aka sayar aka aurar wa gawa, ɗalibin da 'yan aji suka addaba malamai suka kau da kai, leburan da aka danne wa haƙƙi. Ba a fita da ƙarfin tuwo, sai an tono wa ya yi zaluncin, wa ya gani ya yi shiru. Sau da yawa ka shiga zango kana tsoron dodo, ka fito kana jin haushin mutanen gari. 'Yan wasan ma ba a bar su a baya ba. Tsohon hannu zai yi wa sabon shiga fara'a, ya ba shi ruwa, sannan ya tura shi ya fara buɗe ƙofa don a gwada ko dokar gaskiya ce. Tambayar da littattafan kirki ke maimaitawa ita ce ko mutum zai iya tsira ba tare da ya taka wani ba, kuma mafi kyawunsu ba sa ba da amsa mai arha.

Ba banza ba kuma ajin jarrabawa da ofis da ɗakin kwanan ɗalibai suke yawan fitowa. Sama da ɗalibai miliyan 13 suka yi rajistar jarrabawar shiga jami'a ta China, gaokao, a 2024, kuma masu rubuta labaran nan da masu karanta su ta cikinta suka bi. Duniyar da wata hukuma marar fuska ke ba ka maki, ta jera ka da sauran jama'a, ta yanke wa na ƙasa hukunci, ba ƙage ba ce a wurinsu. Wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar JAMB yana kallon agogo na cin lokaci zai ji abin a jikinsa ba sai an yi masa bayani ba.

Wani ɓangare na daɗin kuma koyon tsoron wasu ne. Sai ka san cewa a can fari ne kalar makoki, ja na aure, shi ya sa amarya mai jan kaya a gidan da aka rataya farin ƙyalle take tayar da tsikar jiki. Ana ƙona kuɗin takarda da mutum-mutumin takarda don su isa wa mamaci. Ana ganin kurwar mamaci tana dawowa gida a rana ta bakwai. Wata na bakwai a kalandarsu ta gargajiya watan fatalwa ne, tsakiyarsa kuma bikinsu. Lamba 4 ana gudunta saboda furucinta ya yi kusa da na mutuwa, don haka ɗaki mai lamba 404 ko hawa na 4 gargaɗi ne. Bayan zango biyu ko uku za ka fara tsinto waɗannan alamu da kanka, kuma daga nan littafin ya kama ka.

Ita kanta manhajar

Wajen karatu ba ta da laifi. Ana ƙara girman rubutu, ana mayar da shafi baƙi don dare, tana tuna inda ka tsaya, kuma ana iya sauke babi-babin da aka buɗe a karanta ba tare da intanet ba. Wannan na ƙarshe yana da amfani ga mai bin hanyar Kubwa ko Zuba inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa: sauke zango guda a gida ko a ofis kafin ka fito. Rubutu ba ya cin data sosai. Abin da ke ci shi ne bidiyon talla da hotunan bango da ɓangaren zane-zane. Baƙin shafi kuma yana rage cin batir a wayoyi masu allon AMOLED, amma a masu allon LCD bambancin kaɗan ne, sai dai sauƙin ido. Babi ɗaya minti 6 zuwa 10 ne ga mai karatun Turanci tsaka-tsaki, don haka zango mai babi 25 zai ɗauke ka zuwa da dawowa na kwana ɗaya ko biyu.

Akwai wurin sharhin masu karatu a ƙarshen kowane sakin layi. A labarin barkwanci yana ƙara armashi. A wannan nau'in ka guji taɓa shi, domin waɗanda suka riga ka sukan dawo su rubuta wane ne maci amana tun a babin da ya fara bayyana.

Babi-babin farko kyauta ne, sau da yawa gomomi, daga nan a kulle. Hanyar buɗewa biyu ce. Akwai sulallan manhaja da ake saye da kuɗi, kuma farashin babi yana bin tsawonsa. Akwai kuma Fast Pass, tikitin da ke buɗe babi ɗaya, wanda ake samu kyauta ta hanyar leƙowa kullum da yin 'yan ayyukan da manhajar ta jera, kamar jefa wa littafi ƙuri'ar Power Stone. Tikitin yana da wa'adi, in ba ka yi amfani da shi ba cikin 'yan kwanaki ya ƙone, don haka tara shi da niyyar gama zango a zama ɗaya ba ya yiwuwa yadda ake so. Sai tsarin Privilege, na masu biyan ƙari don su riga kowa karanta sabbin babi. Ga mai karatu a Najeriya wannan asarar kuɗi ce, domin babin nan zai sauko layin kowa in an yi haƙuri.

Ta Google Play ake biya a wayar Android, kuma tun 2023 yana karɓar katin Verve. Sai dai farashin sulalla yana bin dala ko da an rubuta shi da naira, kuma kowa ya san abin da ya faru da naira tun Yunin 2023. Saboda haka kafin ka sayi sule ko ɗaya, yi wannan lissafi. Buɗe jerin babi ka ga adadinsu. Taɓa babi 3 ko 4 da ke kulle a wurare daban-daban ka ga farashinsu, ka ɗauki matsakaici. Ninka shi da adadin da ya rage. In a ce babi sule 10 ne kuma saura babi 1,200, sulalla 12,000 ke nan. Raba wannan da yawan sulallan da ke cikin ƙunshin da ake sayarwa, ka ninka da farashin ƙunshin. Littattafan Qidian masu wuce babi 1,000 ba abin mamaki ba ne, kuma jimillar da za ta fito maka tana iya fin kuɗin littattafan takarda da yawa a Wuse. Mutane ba sa ganin haka saboda kaɗan-kaɗan ake cira.

Babban ramin shi ne maɓallin buɗewa kai tsaye, Auto-unlock. In yana kunne, duk shafa allon da ka yi zuwa babi na gaba cire sule ne ba tare da tambaya ba. Labaran nan kuma an gina su ne kowane babi ya ƙare a daidai lokacin da ƙofa ta fara buɗewa. Ƙarfe 1 na dare, wuta ta ɗauke, kai kaɗai da hasken waya, ba za ka tsaya lissafi ba. Kashe shi tun ranar farko. In za ka saya, duba sunayen babi ka gano inda zango ya fara da inda ya ƙare, ka buɗe wannan zangon kaɗai.

Gwajin da littafi zai tsallake

Na farko, fassara. Kamfanin da kansa ya bayyana tun 2023 cewa yana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen fassara, kuma ingancin littattafai ya bambanta ƙwarai, wasu sun bi ta hannun mai gyara, wasu da ka gani ka san ba su bi ba. Koma misalinmu na sama. In fassara ta mayar da "baƙo ba ya ƙin abinci" zuwa "dole baƙo ya ci abinci", dabarar jarumin ta zama maguɗi, kai kuma da ka zauna kana tunani an ɓata maka lokaci. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. A babi-babin kyauta, ɗauki hoton allo na takardar dokoki a inda ta fara fitowa. Duk inda wani ya sake ambaton wata doka, ka gwada da hoton. In kalmomin suna canzawa, yau "kada ka duba", gobe "kada ka amsa", ajiye littafin. Lura kuma da sunaye. A Sinanci sunan dangi ke zuwa farko, kuma ana kiran mutum ɗaya da laƙabi iri-iri, da Xiao ko Lao a gaba, ko Ge a baya. Fassarar da ba a tace ba takan mayar da mutum ɗaya mutum uku, ta kira namiji da "ita" a tsakiyar magana. A zangon da mutum 10 ke ciki kuma ɗaya daga cikinsu ba mutum ba ne, wannan kashe labari ne. Har ma akwai dabarar da marubuta ke yi: a rubuce Sinanci yana bambanta harafin "shi" na mutum da na abin da ba mutum ba, ko da yake furucinsu ɗaya ne. Sai marubuci ya sauya harafin a kan wani ɗan wasa ba tare da ya ce komai ba, alamar cewa wanda ya dawo daga banɗaki ba shi ne ya fita ba. Mai fassara mai lura zai bi shi. Na'ura takan share.

Na biyu, ko an gama littafin. Duba ko an rubuta Completed, in ba a rubuta ba duba ranar da babin ƙarshe ya fito. Matsala iri biyu ce: marubucin ya watsar a China, ko kuma an gama da Sinanci amma fassarar ta tsaya saboda masu saye sun yi kaɗan. Shafin Novel Updates yana taimakawa a nan. Ba ya ɗauke da littattafan, kundin bayani ne kawai, amma yana nuna adadin babi a harshen asali da ko an kammala fassara. In asali babi 900 ne, fassara kuma ta tsaya a 300 wata shida ba motsi, kada ka zuba kuɗi.

Na uku, ko marubucin yana wasa da gaskiya. Karanta zangon farko har ƙarshe, wanda galibi yana cikin na kyauta. Da aka warware, koma baya ka duba: an ba ka alamun tun farko, ko kuwa jarumin ya zaro wani makami ne da ba a taɓa ambata ba? Marubucin da ya yi maka haka a zangon da yake neman ya burge ka, zai fi haka in ka fara biya.

Ko littafin ya tsallake duka, akwai cutar da ke kama yawancinsu a tsakiya, kuma tushenta tsarin biya ne. Marubucin da dole ya fitar da dubban haruffa kowace rana, shekara guda ko biyu, ba zai iya ƙirƙiro sabuwar dabara kullum ba. Sai jan labari ya shigo: babi guda cur ana lissafin maki da jera kayan da aka saya, ko 'yan kallo suna ta mamakin basirar jarumi. Mafi muni, jarumin yana ta ƙara ƙarfi har ya kai fatalwa ce ke gudunsa. Wasu littattafan da gangan suke juyawa barkwanci a nan, kuma akwai masu son hakan. Amma tsoro ya tafi, domin ba wanda zai ji faɗuwar gaba a kan mutumin da ba abin da zai same shi. Alamar ita ce in ka lura ka daina komawa duba dokoki saboda ka san ba su da tasiri. Daga nan ci gaba da saya sabo ne kawai. Tun da kowane zango labari ne mai kansa, tsayawa a ƙarshen zango ba ya barin ka a rataye sosai. Ƙarshen littafi ma, inda ake bayyana wanda ya ƙirƙiro wasan, shi ne sau da yawa ɓangare mafi rauni, don haka wanda ya tsaya bai yi babbar asara ba.

Akwai abubuwan da ya kamata mai karatu a nan ya sani kafin ya shiga. Ana kwatanta jini da gawa filla-filla, ba na yara ba ne, kuma wayar da ƙanne ke ɗauka ba wurin barin sa a buɗe ba ce. Littattafan suna cike da alloli da tsafi da sake haihuwa irin na addinan gargajiyar China, wasu ma ikon da ke tafiyar da wasan suna ba shi sunan allantaka, kowa ya auna wannan da zuciyarsa. Wani reshe kuma yana sa kowace ƙasa ta tura wakili cikin wasan, a nan kishin ƙasa yakan yi yawa, a mayar da baƙi wawaye ko mugaye, wani lokaci har da 'yan Afirka. Wannan reshen ba mu ba da shawararsa.

Sannan ba duka nau'in ke Webnovel ba. Abin da ta fi ƙarfi a kai shi ne na Qidian, masu tsawo, masu jarumi namiji da tara ƙarfi. Akwai wani babban rukuni daga dandalin Jinjiang, wanda aka kafa a 2003, mafi yawan marubutansa da masu karatunsa mata ne. Nasu sun fi gajarta, sau da yawa babi 100 zuwa 300, kuma da yawa sun fi tsari wajen ginin zango da halayen mutane. Galibinsu ba sa cikin wannan manhajar, masu sha'awa ne ke fassara su a shafukansu, wasu kuma an buga su a takarda da izini. Da yawa daga cikin fitattunsu soyayyar namiji da namiji ce a tsakiyar labarin, kuma bayanin bango ba lallai ya nuna ba, sai an yi nisa. A Novel Updates ana sa musu alamar Yaoi ko Shounen Ai, a wasu wuraren BL ko Danmei. Akwatin tacewa na shafin yana ba ka damar zaɓar Horror da Unlimited Flow, ka cire duk alamar da ba ka so, ka kuma ce a nuna maka waɗanda aka kammala kaɗai. Sunan da ya fito, ka nemo shi a Webnovel, ka karanta zangon farko da tikitin kyauta da hoton dokokin a gefe, sannan ka yi lissafin sulallan.